Hular Mai Kiran Kifi

Da sunan Wanda ya sako kogi daga tudu, ya tsare teku a mazauninta, ya haɗa su baki da baki ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Bayan haka, ni ce Kuluwa ta Gungun Marke, mai gyaran kifi, 'yar mai gyaran kifi, jikar mai gyaran kifi. Wanda zai saurara ya gyara zama. Wanda zai ce ƙarya ce ya bari in kai aya, don ba na son a katse ni.

Shekara arba'in ina zaune bakin ruwa da wuƙa. Maza su kamo, ni in feɗe, in wanke, in jera a banda. Sauran mata zubar da kayan ciki suke yi ba su duba ba. Ni ina dubawa. Da damina tumbin tarwaɗa cike yake da shinge da tsutsa da 'ya'yan ciyawa, da rani kuwa sai laka da ƙananan 'yan uwanta. Ko a ɗaki aka kulle ni, a miƙo mini tumbi ɗaya, zan faɗi lokacin da ake ciki.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Duk shekara in ruwa ya cika, rabin kifinmu sai ya bi shi ya gangara, ba mai sanin inda ya nufa. Na tambayi mijina, ya ce Allah ne ya kai su. Na ce na sani, ina ya kai su? Ya ce in kawo masa tuwo. Da ya rasu na gama takaba, na ga jirginsa a ɗaure ba mai hawa, 'ya'yana kowa na gidansa. Na zuba banda kwando biyu, da garin gero, da wuƙata, da ƙugiya, na kwance igiya. Maƙwabciyata ta ce ina za ni da tsufana. Na ce bin kifi. Ta ce Allah ya ba ni lafiya.

Kwana sittin na yi ina gangarawa. Na wuce ƙasar da gonaki ke yawo a kan ruwa, mutum ya shuka a gabas ya girbe a yamma, in ya gane tasa. Na wuce garin da dorina ke jan jirage, masu jirgin na bin ta da lallami, don ranar da ba ta ga dama ba kasuwa ba ta ci. Ban tsaya ba. Ba dorina na fito nema ba.

Daga nan kogi ya buɗe har wannan gaɓa ta daina ganin waccan. Itatuwan wurin a kan ƙafafu suke tsaye, kamar mata sun tattare zane za su ƙetare rafi. A ƙarƙashinsu na ga kifi ya fito kan laka yana tafiya da hannuwa, ya tsaya ya dube ni da idanu a tsakar ka. Na gaishe shi, don ban san matsayinsa a ƙasar ba.

Wata safiya kogin ya tsaya cik, sannan ya juya ya nufi inda ya fito. Tun da nake ban taɓa ganin ruwan da ya fasa tafiya ba. Na ɗaure jirgi jikin ƙafar itace ina jiran ya yanke shawara. Ya hau, ya hau, kafin azahar kuma ya janye gaba ɗaya, ya bar ni zaune kan laka ni da jirgi, kamar an dire akushi.

A nan kada ya same ni. Tsawonsa jirgina biyu. Ya zo yana jan ciki, ya kwanta gefe yana dubana kamar mai jiran a shafa addu'a a fara ci. Lakar ba ta ɗaukar ƙafa, in na sauka sai in nutse har wuya. Na ɗauki banda ɗaya na jefa bayansa. Ya juya, ya je, ya haɗiye, ya dawo. Na lura juyawar tana ba shi wahala. Na jefa na biyu ta ɗaya gefen, nesa da na farko. Haka muka yini, ina aikensa yana zuwa. Kwando ɗaya ya ƙare, na buɗe na biyu, na fara karya kifin gida biyu, sannan gida huɗu. Saura kai ɗaya da jela a hannuna na ji jirgi ya motsa. Ruwa ya dawo. Na jefa masa kan, na riƙe jelar, na tuƙa. Ita na ci da la'asar.

Washegari na isa Zartsawa. Garin a kan turaku yake, ɗakuna bisa ruwa, mai zuwa gidan maƙwabci ma sai da jirgi. Ruwan ne ya ba su suna, don a nan kogi da teku suke cakuɗuwa, ruwa ya yi zartsi, ba na daɗi ba, ba na gishiri ba. Amma ni a wutsiyar damina na zo, kogi ya fi ƙarfi, na ɗanɗana na ji shi garai kamar na gida. Mutanen kuwa duk sun rame, wuya kamar muciya.

Tun kafin in matsa gaɓa aka fara kiɗa. Wani dogon mutum mai tumbi, shi kaɗai na ga mai tumbi a garin, ya sauko matakala da kansa ya kama mini igiya. Shi ne Magaji Tunau, mai garin. Maganarsu irin tamu ce, sai dai suna jan ta.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Daga nesa?"

"Daga nesa, ranka ya daɗe."

"Da dangi a kusa?"

"Babu."

"Akwai wanda zai biyo sawu, in an ji shiru?"

"Wanda zai biyo yana kabari."

"Madalla," in ji shi. Sai ya gyara murya ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Aka shimfiɗa tabarma aka zaunar da ni. Aka kawo wata hula ta fatar kifi mai walƙiya, Magaji ya ɗora mini bisa ɗankwali. Mata suka yi guɗa, amma guɗar mai yunwa, gajera. Ya ce daga yau ni ce Mai Kiran Kifi ta Zartsawa, sarautar da ba a ba kowa sai wanda aka ga alama a goshinsa, kuma ba a ƙin ta. Ni dai na san goshina. Amma na gaji, ga yunwa, na ce na gode.

Aka kai ni wani ɗaki a ƙarshen gari, aka tafi da jirgina wai za a gyara. Can sai ga wata gajeriyar tsohuwa mai ido ɗaya ta shigo da ƙwarya ta dire. Romon dodon koɗi ne, dodon guda uku.

"Sunana Hansai, ni ke dafa wa masu kira. Sha, Yaya, kada ki rage."

"Masu kira nawa kika dafa wa?"

"Baƙi? Ke ce ta goma sha shida."

"Ina sauran?"

Ta nuna teku da leɓe.

Na ajiye ludayi na ce ta yi mini bayani dalla-dalla, ta kuwa yi. Abincin Zartsawa wani farin kifin teku ne mai manyan ɓawo, suna ce masa mai-sulke. Rabin shekara yana cika mashigin, rabin shekara ba a ganin ko ɗaya. Kakansu na farko ya hau dandamali ran bakwai ga wani wata, ya kira kifin, kifin ya zo. Tun daga nan ran bakwai ga wannan watan ake kira. In wata ya cika, ran goma sha huɗu, ba a yi jifar taru ɗaya da ta cika kwandon kaka da mai-sulke ba, to kifi ya ƙi muryar mai kira ke nan. Sai a sa shi a jirgi babu abin tuƙi, a ba shi goran ruwa, a sake shi da janyewar ruwa ya je ya ba teku haƙuri.

Na ce, "Kifin yana zuwa bayan an sake shi?"

"Bai taɓa fashi ba. Wani lokaci bayan wata ɗaya, wani lokaci uku, amma yana zuwa. Shi ya sa ba mai musu."

"Babu shekarar da yake amsa kiran?"

"Akwai mana. Ina amarya aka saki goma sha ɗaya a jere. Sannan aka yi shekara ashirin da ɗoriya kifi na amsawa tun ba a rufe baki ba. Shekarun nan hular ba ta fita gidan su Magaji ba, daga wa sai ƙane, duk suka yi ƙiba. Shekara biyar da suka wuce kwandon ya cika da ƙyar. Daga nan aka fara ganin alama a goshin baƙi."

Ban yi makaranta ba, amma na yi azumi. Na yi shi a tsakiyar zafi harshe na manne da ganɗa, na yi shi da sanyi, na yi shi ruwan sama na zuba bakin ƙofa ba damar kurɓa. Wata ba ya zama wuri ɗaya, duk shekara yana matsowa baya da kwana goma da ɗoriya. Kowane manomi ya sani, shi ya sa ba ya shuka da ganin wata. Kakan Zartsawa da rani ya yi kiransa, lokacin da kifin ke zuwa ko an kira ko ba a kira ba. Jikokinsa suka riƙe watan suka saki ranin. Yanzu watan ya shigo ƙarshen damina, baɗi kuma zai ƙara nutsawa.

Na faɗa wa Hansai. Ta ce, "Na bara ma haka ya ce. Malami ne mai littattafai. Ya yi bayani mai kyau ƙwarai, har daga cikin jirgin ana jiyo shi yana yi."

"Yau nawa ga wata?"

"Biyu."

Kwana biyu ina shan romon dodo, sai na leƙa ta tsagar katakon ɗaki na ga ruwan baƙi ƙirin da kifi. Tarwaɗa, kurungu, ragon ruwa. Kifin garinmu ne, ashe nan suke zuwa. Tambayar da ta fito da ni daga gida ta sami amsa, amma ban sami sukunin murna ba. Na zura ƙugiya, kafin in gyara zama na ɗago tarwaɗa kamar cinyata. Ina cikin danne ta Hansai ta shigo, ta saki ƙwarya.

"Wayyo ni! Yaya, dattijo kika kama!"

Ashe a Zartsawa duk kifi mai gemu dattijo ne. Kakanni ne ke dawowa da damina su duba yadda aka riƙe gari. Ba a cin su. In taru ya kama ɗaya bisa kuskure, sai a ba shi haƙuri a mayar. Gari guda na ramewa bisa tukunyar nama.

"In aka gan ki ba za a jira wata ya cika ba," in ji ta. Ta leƙa waje, ta ja ƙyaure, ta dawo ta tsuguna gabana. "Kan nake so. Da barkono ya fi daɗi."

Shekara talatin tana cin dattawa. Daga baya na gane rabin matan garin haka suke, kowace tana zaton ita kaɗai ce za ta shiga wuta.

Na feɗe, na ciro tumbi na tsaga kamar yadda na saba. Laka, tsutsa, ruɓaɓɓen ganye. Sai wasu ƙananan jatan lande farare, da ɗan kifi tsawon yatsa, ɓawonsa na walƙiya, idonsa ko dushewa bai yi ba. Hansai ta matso da idonta ɗaya.

"Ɗan mai-sulke ne. Ina dattijo ya samo shi?"

Tarwaɗa ba ta farauta a sama, hancinta a ƙasa yake. Kuma abin da idonsa bai dushe ba, yanzu aka haɗiye shi. Wato a ƙarƙashinmu ta ci shi. Cikin kwana biyu na feɗe dattawa goma sha ɗaya. Wanda na kama ruwa na janyewa, laka ce da tsutsa a cikinsa. Wanda na kama ruwa na hawa, jatan lande ne da 'ya'yan mai-sulke. Hansai har ta fara kumatu.

Na nemi gora mai ƙaramin baki, na ɗaura masa ɗaya daga duwatsun murhun Hansai, na toshe bakin da tsumma mai igiyarsa daban. Da ruwa ya hau ta ce wa masu gadin da aka sa mini Mai Kira za ta gaisa da ruwa, ta tuƙa mu tsakiyar mashigi. Na saki goran gaba uku, wato buɗin hannuwa uku, na fizge tsumman, na jawo, na kurɓa. Garai. Gaba shida, garai. Gaba tara, zartsi. Gaba goma sha biyu na kurɓa na tofar, gishiri ne zalla.

Ashe teku ba ta tafi ko'ina ba. Ruwanta ya fi nauyi, sai ta kwanta ƙasa ta bar kogi ya bi ta kanta, in ruwa ya hau ta rarrafo ciki. Kogi kuwa duk abin da ya kwaso daga tudu, ganye da ciyawa da ƙasar gonakin mutane, a nan yake saukewa inda suka haɗu. Jatan lande ya zo cin wannan, ƙananan kifi su zo cin jatan lande, manya su biyo ƙanana. Kasuwa ce tana ci sosai, amma a ƙasa. Tarun Zartsawa kuwa goruna ne ɗaure a jikinsa, gaba biyu yake shiga, don haka kaka ya bar shi.

Ran bakwai aka hau da ni dandamali. Na tambayi kalmomin kira, Magaji ya ce daga zuciyar mai kira suke fitowa. Na kira su yadda nake kiran kaji. Jama'a suka sunkuyar da kai. Daga wannan rana zuwa cikar wata maganar mai kira doka ce, don kada ya ce an hana shi wani abu. Na ce a kwance gorunan taru, a ɗaura duwatsu.

To ƙasar laka ce, babu dutse ko na jifan kare. Duk dutsen da ke garin na murhu ne, uku-uku, tun zamanin kakanni aka kawo su daga tudu, uwa ke ba 'yarta ranar da za ta tare. Wata mata ta ɗaga murya ta ce, "Iya, da me za mu girka?"

Na ce, "Me kike girkawa?"

Ta yi tunani, ta tafi ta kawo nata.

Jifar farko taru ya fito da nauyi, maza ashirin na ja ana kirari. Dattawa ne maƙil, sun fi ɗari uku. Aka yini ana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, ana shafa musu gemu ana mayarwa. Mata na tsaye suna haɗiyar yawu, kowace na yi kamar kuka ne ya shaƙe ta.

Magaji ya matso kusa da ni. "Ranki ya daɗe, muryar ta kai. Sai dai ba waɗanda aka aike ki kira ba ne suka ji."

"Manya ake fara gaisarwa, ranka ya daɗe."

Na sa aka matsa da tarun inda ya fi zurfi. Ran tara igiya ta tsinke, teku ta tafi da murhun mata uku, na san har yau ba su yafe mini ba. Ran goma sha ɗaya muka sami mai-sulke bakwai. Ran goma sha biyu, ashirin da 'yan kai. Mutane suka ci, yara suka lashe yatsu, amma kwandon kaka zurfinsa ya kai ƙuguna, ashirin ko gindinsa ba su rufe ba. Abin da ya rage mini shi ne maganar Hansai, cewa in wata na cika ruwa na ƙara hawa. Goran ma ya yarda da ita, kullum gishirin na ƙara tasowa.

Ran goma sha huɗu da hantsi aka kawo jirgin. Nawa ne. Sun kuwa gyara shi, duk inda yake yoyo an toshe, ba zan yi musu ƙarya ba, aikin ya yi kyau. Aka sa goran ruwa a ciki. Gari duka ya fito.

Magaji ya ce, "Inna, lokaci ya yi. Ba ƙiyayya ba ce, al'ada ce."

"Da me za a sake ni?"

"Da janyewar ruwa."

"Ya janye?"

Ya dubi turken da suke auna ruwa da shi. Ruwa na nan yana hawa.

"To har yanzu hular na kaina. A fito da taru."

Na shiga jirgin Hansai na yi ta saka gora ina kurɓa, sai da na sami wani kwari inda gishiri ya taso gaba bakwai. Na sa aka shimfiɗa tarun a bakinsa, na hana ja. Masu igiya suka ƙosa, amma na ce ba mai motsi. Sai da ruwa ya tsaya cik, wani ganye da ke yawo kusa da ni ya daina tafiya, sannan na ce a ja.

Ya fito yana walƙiya. Masu-sulke ne, kowane kamar tsawon hannu, suna ta dukan juna. A al'adarsu mai dafa wa mai kira ita ke zuba kwando, ita kuma ke ɗauke shi. Hansai ta ja tarun bayan jirgi, ta juya wa jama'a baya tana zubawa, sannan aka ciccibo kwandon aka dire gaban Magaji. Ya cika har ya yi tozo. Guɗar da aka yi ta wannan karon doguwa ce.

Hansai ta sunkuyo kunnena. "Kada ki yarda a juye shi. Dattawa huɗu ne a gindi." Aka ɗora mata a ka ta yi gaba, tana tafiya kamar amarya.

Magaji ya yi jawabi. Ya ce tun ranar da ya gan ni ya san haka za a yi. Ya ce ga gida, ga jirgina, ga hula, in riƙe abata har baɗi. Na ce na gode, amma ina da roƙo: a daina kira da wata, a riƙa kira ranar da gora ya fito da gishiri a gaba uku. Na yi musu bayanin watan da ke ja da baya, da tekun da ke kwance a ƙasa. Suka saurara da ladabi.

"Inna, kaka ne ya sa ranar," in ji Magaji. "Wa ya isa ya taɓa?"

Tsofaffin gari suka gyaɗa kai. Ni kuwa na san baɗi watan zai faɗa tsakiyar ambaliya, kogi zai kore gishiri har can waje, ko murhun duniya aka ɗaura ba abin da zai fito. Bana ma sai da dattawa huɗu suka taimaka.

Na ce, "To na ji. Wata tambaya. Shekarun da hular ke gidanku, wa ke zaɓen mai sa ta na gaba?"

"Wanda kifi ya amsa wa."

"Kifi ya amsa mini?"

Jama'a suka ce ya amsa. Baki cike suka faɗa, don an fara gashi.

Na cire hular, na yi ɗage don ya fi ni tsawo, na kifa masa ita. Ta zauna daidai, kamar don shi aka ɗinka. Ya kai hannu zai cire, ya dubi jama'a, ya fasa.

Tsofaffin gari suka shiga zaure da azahar. Kafin la'asar suka fito da sanarwa: an bincika an gano kaka bai taɓa nufin wata ba. Abin da ya ce shi ne a kira kifi ranar da ruwa ya yi gishiri, masu ruwaitowa ne suka yi kuskure. Wani tsoho har ya tuna yana wurin. An so a soke maganar sakin mai kira a jirgi ma, tunda hular ta koma kan Magaji, amma mata suka tare ƙofar zauren, har da ukun da suka rasa murhu, suka ce abu ɗaya ake gyarawa a rana.

Na zauna shekara guda da ɗoriya don in ga zagayen abin da idona. Da kaka ta wuce kogi ya rame, gishiri ya taso gaba shida, ya taso uku, ya fito fili. Kifinmu na tudu suka tattara suka koma gida, mashigi ya zama na teku. Mai-sulke ya cika ko'ina, tumbinsa jatan lande da ƙananan ƙaguwa. Da bazara ruwan ya yi ɗaci, jatan lande ya ƙare, tumbi ya koma gansakuka, kifin ya rame. Ruwan sama ya sauka, kogi ya zo ja wur da kayansa, masu gemu suka biyo shi, farare suka nutse.

Tun daga ranar da suka nutse Magaji ya daina zaman fada. Kullum da safe shi da kansa yake shiga jirgi da gora, da yamma ya koma. Ya koyi feɗe kifi, ya yanke yatsa sau biyu. Tumbinsa ya zube. A duk yawona ban ga sarkin da ya san ruwan ƙasarsa gaba bayan gaba kamarsa ba. Watan kiran da ya zo ya wuce, ruwa garai har ƙasa, ba wanda ya hau dandamali.

Wata safiya ya zo ƙofata ya tsuguna. "Inna, yau na ji gishiri a gaba uku. In kira?"

"Ka feɗe?"

"Na feɗe mai-sulke biyar. Jatan lande ne duka."

"To me kake jira?"

"In ƙara kwana biyu, don a tabbata."

"Ƙara, ranka ya daɗe."

Ya ƙara goma sha biyar. Ranar da ya hau dandamali kifi na tsalle yana faɗawa jiragen mutane da kansa. Ya yi kiran da 'yar siririyar murya, aka jefa taru sau ɗaya, kwando ya cika har ana tattakawa. Makaɗa suka ɗaga sanda.

Kafin su buga, Hansai ta tsaya gindin matakala ta fuskanci teku, ta fara nata kiran. Sunayen baƙin nan goma sha biyar take jerowa, ɗaya bayan ɗaya, kowa da garinsu, da yadda yake son romonsa. Ba wanda ya hana ta. Magaji na tsaye tsakiyar matakala da hula a ka, bai hau ba bai sauko ba, har ta gama. Ta ɗan jira, tana kallon ruwa da idonta ɗaya. Su ba su amsa ba.

Nan hikayar ta tsaya. Allah ya jiƙan wanda ruwa ya tafi da shi, ya shiryi wanda ya kwance igiyar.